Malam Gimba, Mai Ɗauko Mana Murya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 1961, da hantsi, Allah ya yi wa Malam Ishaku Gimba rasuwa a ɗakinsa na haya da ke Borokiri, bayan jinyar ƙirji ta wata biyu. Shi ne malamin waƙa na 'yar majami'armu ta masu jin Hausa a nan Fatakwal. Tun makon rasuwar nake son rubuta wannan, amma duk ranar da na taso daga aikin reluwe na ɗauki alƙalami sai in ji jikina ya mutu.

Malam, shekara goma sha bakwai ka yi kana fama da mu. Ba mu da abin kiɗa, ba mu da littafi. Kowace Asabar bayan azahar sai mu cika ɗakinka, leburorin tashar jirgin ruwa da 'yan sanda da matansu, kowa da muryarsa kamar ta mai tallan manja. Ba ka taɓa korar kowa ba. Wanda ya zo da yunwa, matarka Baiwa ta zuba masa tuwo kafin ya buɗe baki.

Akwai waƙa ɗaya da ka fi ji da ita, wadda muke kira Waƙar Bature. Ka ce a Inugu ka samo ta kafin yaƙin Hitila, wurin wani mutumin ƙasar Chekoslovakiya mai aiki a kantin takalma. Shi kuma malamin makarantar ƙauyensu ne ya koya musu suna yara, suna rerawa a majami'a. Da baki ya ba ka ita, murya huɗu, kai ka sa mata kalmomin Hausa, mu ma da baki ka ba mu. Sai dai ka yi mana sabo guda: ba mai farawa sai ka yi gyaran murya, ka rufe baki, ka ja sauti ɗaya ta hanci, sannan kowa ya ɗora tasa a kai. Ba wanda ya taɓa tunanin koyon wannan sautin, don kullum kana nan.

Bango ɗaya ya raba ka da Baba Dogara, mahauci, wanda ke fita mayanka da asuba ya dawo yana neman barcin rana. Ba Asabar ɗin da bai buga bangon nan ba. Kai kuwa sai ka yi murmushi ka ce, “Liman ya tashi, a rage murya.” Amma ran Kirsimeti daga hannunsa cinyar akuya take zuwa, ran Sallah kuma kai ke riƙe masa ƙafar rago.

Kwana uku kafin ka cika, ka kama hannuna ka ce, “Yero, Waƙar Bature za ku yi mini a bakin kabari. Kada ku ba ni kunya.” Na yi maka alkawari ban ko yi tunani ba.

Mu bakwai muka rage cikin talatin. Wasu an yi musu canjin wurin aiki, wasu sun koma Arewa. Muka jeru a bakin kabari, fasto ya ɗaga mana kai. Muka ja numfashi, muka tsaya. Jiran gyaran muryarka muke yi, Malam, kana kwance a gabanmu. Da na gane, sai na lalubi sautin a kaina, na rasa. Na gwada, ya yi sama, mata suka kasa kamawa. Baiwa ta sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kunya da gajiya irin na wannan lokacin ba.

Baba Dogara yana can gefe ƙarƙashin bishiyar mangwaro, inda maƙwabtanmu Musulmi suka tsaya. Sai muka ji gyaran murya. Tsohon nan ya rufe baki ya ja sautin ta hanci, daidai yadda kake yi. Muka ɗora, muka kai ta har ƙarshe. Da na je yi masa godiya ko kallona bai yi ba, ya ce, “Shekara goma sha bakwai kuna hana ni barci da ita, yaya ba zan iya ba?”

Har yanzu muna haɗuwa a ɗakinka, Baiwa ta ce kada mu fasa. Ba zan ɓoye maka ba, na gaji, kuma sautin nan ya ƙi zama a kaina. Yanzu ni ke buga bango. Baba Dogara ya yi mita, sannan ya ba mu sautin. Ya haura saba'in, tari kuma ya fara damunsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baiwa, da 'yarku Haulatu da ke aure a Anacha, da 'yan'uwa na gida, da maƙwabcinka wanda ya ce shirun ɗakinka ya fi waƙar hana shi barci. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya ji ƙanka, Malam, ya gafarta maka, ya ba ka hutun da ba mu bar ka ka samu ba. Ya kuma ara wa Baba Dogara kwana har in koya.

Yero Datti
Borokiri, Fatakwal