Ɗalha Mai Koɗa da Dutsen Lambun Alhaji

A Tafashiya aka haifi Ɗalha, a gidan masu sassaƙa dutsen niƙa. Yana da shekara goma sha biyu mahaifinsa ya damƙa masa makoɗi, abin da ake bubbuga fuskar dutse da shi har ta yi kaushi ta iya cin hatsi. Daga ranar aikinsa ya zama biyu: ya sassaƙa sabon dutse, ya kuma bi gidaje yana koɗa waɗanda suka yi santsi. A wurin Ɗalha, dutsen da ya yi santsi ba shi da lafiya.

Sai injin niƙa ya iso Kankiya, ya wuce Kusada, ya shiga kowane lungu. Mata suka daina durƙuso, kuma ba a ji wadda ta yi kukan rabuwa ba. Duwatsun suka samu sabon aiki, wasu matakin ƙofa, wasu danne kwanon rufi kada iska ta yaye. Ɗalha ya koma noman dawa da gero, amma makoɗin bai bar aljihunsa ba, ko ranar Juma'a.

Bara, bayan girbi, Alhaji Sharafaddeen ya aiko a kira shi. Alhajin ya gama aikin gwamnati a Abuja, ya dawo Kusada ya gina gida, ya yi lambu a bayansa. Ɗalha ya zagaya lambun da ido yana neman albasa ko tattasai, bai ga abin da za a sa a miya ba.

"Malam Ɗalha," in ji Alhaji, "a ƙasashen waje ana ajiye sassaƙen dutse a lambu. Ni ba na son gunki, kada liman ya daina cin tuwon gidana. Dutsen niƙa nake so, irin na Innata, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Wa zai yi niƙan, ranka ya daɗe?"

"Ba kowa. Kallo za a yi."

"Kallo."

"Kallo."

Ɗalha ya karɓi aikin. Shekara ashirin ke nan rabon da wani ya sa shi sassaƙa sabo, kuma bai ga alamar za a sake ba. Ya yi kwana uku a kan fa yana ƙwanƙwasa duwatsu yana saurare, har ya samu wanda muryarsa ta yi masa. Sati uku yana sassaƙa, ya fitar da ɗan dutsen daidai tafin hannun mace, ya koɗa fuskar sannu a hankali. Shi kansa ya san bai taɓa yin kamarsa ba. Ya ɗora a amalanken shanu ya kai Kusada.

Alhaji ya shafa, ya janye hannu. "Wannan ai sabo ne."

"Jiya na gama shi."

"Na Inna santsi gare shi, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi."

"Ai wannan lalacewa ce, ranka ya daɗe."

"To lalataccen nake so. Akwai mai walda a Kankiya, yana da injin guga. Wuni ɗaya zai tsofar da shi."

Ɗalha ya dubi dutsen. Za a kashe masa kaushi ke nan bai taɓa ɗanɗana ƙwayar gero ba. Ya roƙi a ba shi kwana bakwai, ya mayar da kayansa kan amalanke. Da ya sauke a tsakar gida, matarsa Murja ta leƙo daga madafa ta ce, "Mu ma lambun za mu yi?"

A kwana na huɗu ya tuna da Zuliha, taubashiyarsa da ke Sukuntuni. Ita kaɗai ta rage mai aiko masa ya zo koɗa, don ta rantse garin inji warin mai yake yi. Zuwansa na ƙarshe ya gaya mata dutsenta ya ƙare, in ya sake bugunsa zai rabe biyu. Tun lokacin take lallaɓa shi, tana niƙan awa ɗaya a awa uku.

Ya ɗora sabon dutsen a amalanke ya tafi, ya same ta a gindin durumi tana tsince gero.

"Kai, Ɗalha, ashe ba ka mutu ba?"

"Ke nake jira ki riga ni, in gaji dutsen."

"Me za ka yi da shi? Kai da bakinka ka ce gawa ne."

"Gawar na zo ɗauka. Ga mai rai na kawo maki."

Zuliha ba ta yarda da maganar taubashi sai ta gwada. Ta durƙusa, ta zuba gero cikin tafi, ta tura ɗan dutsen sau uku. Gari ya zubo fari, da wannan ƙarar da Ɗalha ya daɗe bai ji daga sabon dutse ba. Ya juya yana gyara igiyar shanu, alhali ba abin da ya sami igiyar.

"Ba laifi," in ji ta. "Hannunka bai tsufa kamar fuskarka ba. Shi mai son tsohon, me zai yi da shi?"

"Kallo."

"Yana da lafiya kuwa?"

"Daga Abuja ya dawo."

"Allah sarki," in ji Zuliha.

Aka kai tsohon dutsen Kusada, aka girke shi tsakanin furanni. Alhaji ya tsuguna, ya sa tafinsa cikin lotsawar. Da ya miƙe sai ya share ido da bakin riga ya ce, "Shi ne. Kwana nawa ka yi kana wannan aiki?"

"Shekara arba'in da uku, ranka ya daɗe. Ni na sassaƙa shi, na yi sati biyu. Sauran Zuliha ta yi."

Ya ba shi labarin duka, bai ɓoye komai ba. Alhaji ya aika wa Zuliha atamfa da buhun gero, ita kuma ta aiko da saƙon cewa in yana son tsohon turmi ma akwai.

Ɗalha yakan shiga lambun in ya zo kasuwar Kusada. Zuwansa na farko an tarar da shi durƙushe gaban dutsen, makoɗi a sama, yana cewa ɗan taɓawa kawai zai yi. Tun daga nan maigadi ke karɓar makoɗin a ƙofa, ya mayar masa in zai fita.

Makon jiya Zuliha ta aiko cewa sabon dutsen ya fara santsi, in bai mutu ba ya zo. Ya bar rumbu a buɗe, ya tare ɗan acaɓa, ko ciniki bai yi ba.