Ranar da Shanu Suka Ja Motar Labbo

Labbo ɗan kasuwa ne a Sabon Birni, yana kai gero da wake Maraɗi ya dawo da atamfa. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa tsohuwar Fijo akori-kura, wadda ta daɗe jibge a bayan rumbu, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Masu sayen tsoffin ƙarafa sun sha tayawa, ya hana.

Da 'yan bindiga suka matsa wa hanya, fatauci ya yi sanyi, sai ya sami lokaci. Ya kafa rumfar zana a tsakar gida, ya sauke injin a kan tabarma, ya wanke kowane ƙarfe da kalanzir. Abin da babu a garin Isa da ke kusa ya aika Maraɗi a nemo. Matarsa Khadijatu ta haƙura da baƙin mai a robar wankinta, kuma ranar da injin ya tashi ta fi kowa murna.

Daga nan ne Labbo ya zarce. Ya ga motocin ƙasashen waje a waya, ya so tasa ta zama haka. Ya fesa mata shuɗin fenti, ya rage ganyen sifirin don ta sauko ƙasa-ƙasa, ya sa mata ƙananan tayoyi masu ƙyalli. Katakon bodi da ake ɗaure buhuna ya kwance shi, ya dasa akwatin lasifika. Bayan la'asar sai ya ratsa gaban majalisa a hankali, ana ɗaga masa hannu.

Wata rana Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifinsa, ta kira shi daga ƙauyen Kurawa.

"Labbo, an ce ka tada motar yayana. Zama ya gagare mu nan. Ka taho ka ɗauke mu da ɗan hatsinmu."

"Za ni zo da sahe, Gwaggo," ya ce, cike da alfahari.

A ƙofar gidanta ya fara jin nauyi. Buhuna kaɗan aka ɗora, motar ta durƙusa. Dole aka bar sauran hatsin, mata da yara suka matsu a gefen lasifika. Da suka iso wani busasshen rafi, cikin motar ya zauna daram a kan yashi, tayoyi suna ta juyawa a banza.

Matan suka sauka da goyo a baya suna turawa, suna waigen daji. Ta madubi Labbo ya hango Gwaggo ta ajiye sandarta, ta kafa kafaɗa a jikin fentinsa. Ya kasa ci gaba da kallo.

Wani manomi, Usmanu, ya iso da amalanken shanu. Ya ɗaura wa motar igiya, shanun suka janyo ta daga yashin. Salansar motar, bututun hayaƙinta, ta tsinke, mai yana zuba, don haka a bayan shanu suka shiga gari, ran kasuwa. Ba wanda ya yi dariya. 'Yan majalisa suka taso suna sauke yara, suna yi wa Gwaggo sannu.

"Allah shi yi maka albarka, ka hiddo mu," Gwaggo ta ce wa Labbo.

Hatsin da aka bari, ko da aka koma an kwashe shi. Labbo ya daina fita sai masallaci.

"Da ta zage ni, da na hi samun sauƙi," ya ce wa Khadijatu.

"To ba za ta zage ka ba. Tashi ka gyara motarka."

Ya mayar da sifirin, ya sa manyan tayoyi, ya sayar da lasifikar. Yanzu duk wanda zai taso daga ƙauye, lambar Labbo ake nema. Idan an yaba masa sai ya sauya zance. Kowace Juma'a yana kai wa Gwaggo gero a ɗakin da ta kama, ya gaishe ta daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa.