Samirar Kaporal

Wata Lahadi bayan la'asar muna ɗakin inna a unguwar Zariya, nan Maraɗi, wutar kuran ba ta ɗauke ba, aka sako wani fim a tele da Faransanci. Ni kaɗai na kai lise, babbar sakandare, a gidanmu, don haka ni ke fassara wa inna da maƙwabciyarta. Rubutun da ya fara fitowa na karanta musu shi ban kawo komai a raina ba: abin da za ku gani ya faru da gaske.

Wani matashin soja ne a wata ƙasa mai nisa, yake son wata da aka haifa namiji amma take zaman mace. Maƙwabciyar ta ce, "Ɗan daudu ke nan, ki daina kwana-kwana." Na ce ban sani ba, su dai "ita" suke ce mata. Ta yi ta dariya, inna ko murmushi ba ta yi ba. Abokan sojan da zolaya suka fara, a wurin cin abinci, kowa na dariya. Tun daga nan bakina ya yi nauyi. Da 'yan ɗakinsa suka kashe shi a bariki ban fassara komai ba, ba wanda ya nema kuma.

Kawuna, ƙanen inna, ɗan daudu ne. Shinkafa da miya yake sayarwa a wata rumfa a Sabon Gari, tun ina ƙarama nake taya shi wanke-wanke in ba ni da karatu a lakwal. Sojoji na zuwa cin abinci da rana, kowa a farantin roba ake zuba masa. Mutum ɗaya ne, wani kaporal dogo marar yawan magana, da ake ajiye wa nasa a samira mai murfi, a lulluɓe da adiko, yadda matar aure ke jera wa maigida. Na sha gani, ban taɓa tsayawa na duba ba sai ranar da na ga fim ɗin.

Washegari da hantsi na hau kabu-kabu zuwa rumfar, ko kari ban yi ba.

"Kawu, don Allah ka daina zuba masa a samira."

"Ke ɗiyar nan, ko gaisuwa babu? Wa ya aiko ki?"

Na ba shi labarin fim ɗin, ina haɗa ƙarshe da farko. Yana yankan albasa yana ji.

"Can ne ake haka. Nan Maraɗi iyaka a zage ni, ni kuwa na ƙoshi da zagi tun ba a haife ki ba. Jawo mini tattasai."

Amma da azahar ta gabato na ga ya tura samirar ƙarƙashin tebur, ya jera faranti.

Sojojin su huɗu suka zo. Kawu ya miƙa wa kowa nasa, har da kaporal. Wani gajere a cikinsu ya dubi farantin, ya dubi kawu.

"A'a, Hajiya, yau ina kwanon ango? Saki aka yi ba a gaya mana ba?"

"Ci ka tashi, mai wuyan zakara," in ji kawu. "Kwano na wurin wanki."

Aka yi dariya. Ashe sun daɗe da gani. Kaporal ya yunƙura zai tashi, gajeren ya dafa masa ƙeya, ya matse kamar wasa, ya zaunar da shi.

"Ina za ka, ango? Ci abincinka. Ai ɗaki ɗaya muke kwana, ma yi hira."

Ina tsugune wurin baho hannuna cikin kumfa, na ji fitsari ya matse ni. Kaporal ya cinye tas bai ɗaga kai ba. Da suka tafi sai na ga kawu yana ta goge teburin da ya riga ya goge.

Kaporal bai zo washegari ba, bai zo jibi ba. Sauran ukun sun zo, kuma ba su yi zolaya ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Cikin satin inna ta je da kanta ta sa kawu ya rufe rumfa, aka kai shi Tibiri wurin kaka da tukwanensa.

Tun daga nan ba na iya zama wuri ɗaya. In motar sojoji ta wuce sai na bi fuskokin da ido har ta ɓace. Na ji an ce an tura wasu can wajen iyaka, wataƙila yana cikinsu, wataƙila kuma kunya ce kawai. Ba ni da wanda zan tambaya, ko sunansa ban sani ba, kaporal kowa ke ce masa.

Kawu na kirana ta wayar kaka. Yakan fara da tambayar inna, da zafi, da tsadar albasa, ya daɗe yana kewaye-kewaye. Jiya ma ya kira, sai can ƙarshe ya rage murya ya ce, "Ɗiyata, ko kin hange shi?" Na ce ban gan shi ba.