Kwalaben Tumatin Inna

Shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, tumatin lambun Baba ya nuna gaba ɗaya kamar an yi masa kira. A bakin hanyar Gazawa kwanduna suka yi ta jiran mota har ƙasansu ya fara tsiyaya. A gidanmu irin wannan tumati yanka shi ake yi a shanya a kan rufin ɗaki ya zama kauɗa, kuma aikin Kaka ne, mahaifiyar Baba. Sai dai kauɗar bara ƙwari sun cinye ta tun damina ba ta yi nisa ba, muka yi ta shan miyar kuka fara fat.

Shi ya sa da Inna ta koyo dafa tumati a kwalba wajen ƙungiyar mata, Baba ya ce a ba ta duka. Ko faifai ɗaya ba a shanya ba. Kaka ta ce, "Ruwa a kwalba har damina? To, Allah ya kai mu." Kowa ya gane: in ya lalace babu tumati a miya sai wata shekara, kuma Inna ce za ta ɗauki laifin.

Ni na tattaro kwalaben mayonez wajen masu shayi. Muka wanke, muka tafasa su. Inna ta kai tumatin inji, ta dafa har ya yi kauri, ta sa gishiri da lemun tsami, ta zuba da zafinsa ta murɗe murafan. Sannan ta naɗe kowace kwalba da tsumma, ta jera su a babbar tukunya, aka sake tafasawa. Da suka huce na lura tsakiyar kowane murfi ta lotsa ciki. In ka danna ba ya motsi. Murfin kwalbar da babu komai kuwa, ka danna sai ya ce ƙwas. Inna ta ce wuta ce ta kori iskar, kuma ranar da iska ta koma, ranar tumatin zai fara mutuwa.

Aka ajiye su a ɗakin Kaka, don shi ne ɗakin ƙasa, ya fi sanyi.

Wata rana na dawo daga lakol, wato makaranta, da azahar, tun daga zaure na ji dakan Inna ba daidai yake ba. Taɓaryar na sauka, ta tsaya, ta sake sauka. Da na shiga na ga dalili. Kaka ta shimfiɗa tabarma a rana, ta baza daddawa da busasshiyar kuɓewa kamar yadda ta saba, don a wurinta duk abin ajiya sai an fito da shi ya sha iska, in ba haka ba ya yi fumfuna. A gefensu ga kwalaben nan a jere. Wasu a gefen hagunta baki buɗe, ƙuda har ya fara kewaya su. Ta naɗe murfin wata da bakin zanenta tana murɗawa.

Taimako take yi. Abin da ya sa ya yi wuya ke nan.

Inna ba ta taɓa kallon Kaka ido cikin ido ba. Ba ta kiran sunanta, ba ta cin abinci a gabanta, balle ta ce mata bari. Baba yana lambu, kafin a kira shi an gama. Inna ta dube ni ta saman turmi, ta dubi kwalaben, ta sake dubana. Zufa na bin wuyanta.

Na san abin da take nufi. Jika tana iya gaya wa kakarta komai in dai cikin wasa ne. Ƴaƴan Baffa suna kiran Kaka mai cin goron bashi, tana korar su da mafici, kowa na dariya. Ni kuwa ban taɓa yi ba. A aji ma in malam ya kira ni muryata ƙasa take shigewa.

Murfin da ke hannun Kaka ya yi fus, ya buɗe. Ta ajiye, ta ɗauko wata.

Na sauke jakata.

"Tsohuwa," na ce. Ban ji kaina ba sai da na maimaita. "Tsohuwa, ashe da sauran ƙarfi? Jiya kika ce hannunki ba ya iya ɓare gyaɗa."

Taɓarya ta tsaya cak. Kaka ta ɗago kai a hankali, kwalbar na hannunta. Ta daɗe tana kallona, ban san ko mafici za ta ɗauka ko Baba za ta jira da ƙarata ba.

"La ilaha illallahu," ta ce. "Bebiyar gidan nan ta yi magana. Wa ya taɓa ki?"

"Ke. Kina shayar da tumatinmu iska kamar jariri."

"In bai sha ba ya ruɓe, ƴar nema. Ni da na ajiye abinci tun ubanki bai san hanyar rijiya ba."

Na durƙusa kusa da ita. Na mayar da murfi kan wadda ta buɗe, na ce ta danna. Ya ce ƙwas. Na miƙa mata wadda ba a taɓa ba. Ta danna da babban yatsanta mai jan lalle, shiru. Ta sake dannawa da ƙarfi.

"Wannan ta yi barci," na ce. "Waccan kin tashe ta, kuma irinki ce, in ta tashi ba ta barin kowa lafiya."

Ta yi tsaki, amma gefen bakinta ya motsa. "A lakol aka koya miki rashin kunya?" Ta juya kwalbar a hannu, ta kalli wajen turmi inda Inna ta sunkuyar da kai tana tsince abin da babu a cikin gero. Sannan ta dire ta ba tare da ta murɗa ba.

"Kwashe masu barcin ki mayar. Ɗaya daga cikin buɗaɗɗun nan kuma ki rufe ki sa kusa da su, mu ga mai ƙarya tsakanina da ke."

Sauran buɗaɗɗun muka yi miya da su, aka aika wa maƙwabta. Ta gwajin na ɗaura mata zare a wuya. Kullum kafin in tafi lakol sai na leƙa na bi murafan da yatsa. Ba a daɗe ba mai zaren ta yi farin gashi a sama, murfinta ya kumbura. Washegari ban same ta ba. Amma na tarar ta rufe sauran da tsohon zanenta.

Da damina ta sauka, ranar da aka dawo daga shuka, Inna ta aike ni in karɓo guda. Kaka ta kawo ta da kanta tsakar gida, ta murɗa, murfin ya yi fus. Ta shinshina, ta lakata da yatsa ta kai baki. Inna na tsaye a bakin murhu, ludayi a hannu, ba ta motsi.

Kaka ta miƙo mini kwalbar ba ta dubi kowa ba.

"Kai wa uwarki. Ki ce gishirin ya yi yawa, baɗi ta rage."