Ganyen Lawali Mai Alama

Duk wanda ya san Lawali a Ƙaura ya san ba a miƙa masa hannu a karɓe shi da tsabta. Kana yin sallama zai cafke babban yatsanka, ya zaro biro daga bayan kunne, ya hau zane a kan farcenka. Sai ya gama zai amsa. Hujjarsa wai alamar waya, wato 'yan hotunan nan da muke dannawa, in ba a gane ta a faɗin farce ba, to ba alama ba ce, ƙazanta ce. Ni da nake taubashinsa na san gaskiyar magana: takarda ce ba ya son saya. Mutum ya yi karatun zane har da satifiket, amma faratan jama'a ne littafinsa!

Ranar wani zaɓe sai da aka fitar da kawuna, mahaifinsa, limami guda, daga layi, wai ga tawada a farcensa, ya riga ya jefa. Dattijo ya dawo gida yana huci.

"Lawali, mi niy yi maka? Ka hana ni ƙuri'a, ka sa ni shakkun alwala!"

"Yi haƙuri, Baba. Amma tsakani da Allah, mi kag gani nan?"

"Kwaɗo."

"Rediyo ne hwa! Ashe da sauran aiki. Kawo ɗayan hannun."

Ni direba ne. Hanyata Ƙaura zuwa Shinkafi, wani lokaci Zurmi, kuma kun san abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyoyin nan. Mutum ya fita da safe, iyalinsa su wuni suna kallon ƙofa. Shi ya sa mu 'yan tasha muka roƙi Nura, wani mai aikin kwamfuta, ya haɗa mana manhaja: direban da ya wuce ya danna, na baya ya ga halin da hanya ke ciki. Da yawanmu ba ma karanta boko, sai da hoto, don haka aka ba Lawali zanen. Abu ɗaya muke jira a wurinsa, alamar da za ta ce hanya lafiya, a tafi. Rayukanmu ne a kan wannan ɗan maɓalli. Shi kuwa gogan ya fara da komai ban da shi.

Ya fara da alamar ajiya, wato wadda ake dannawa a adana abu a waya. Ya ce wadda ke cikin wayoyi, ko wanda ya zana ta ya manta mene ne, don haka shi rumbu zai zana. Kuma bai yarda da idon kowa ba sai na Goggo Hure, wata tsohuwa mai sayar da nono a kasuwar Shinkafi. Ranar kasuwa ya shige kujerar gaba a motata, ya kai mata rumbun a farcensa.

"Goggo, mi kinka gani?"

"Rumbu."

"Madalla! In kin ga rumbu, mi ka zo miki a rai?"

"Wuta," in ji ta. "Namu duka an ƙone."

Lawali ya ce, "To mi zan zana? Aljihu?"

"Shi ma ana lalubewa, ɗana."

Haka suka yi ta yi. Ya zana gida don komawa farkon manhaja, ta ce wane gida, ita a makarantar firamare take kwana tun da aka tashe su. Ya zo kan alamar dabbobi a hanya, ga shi ɗan malamai, ba ya zana mai rai da kai, sai ya yi saniya ba kai. Goggo ta ce wannan na mahauta ne. Ya goge, ya zana sawun kofato kawai. Ta duba ta ce, "An kore su ke nan." Muka dawo Ƙaura. Da zai sauka ya ce mini, "Taubashi, hotunan ƙasar ga duk sun lalace. Komi na zana, kuka shi ke nuhi."

Ni lokacin ba tausayinsa nake ji ba, haushi nake ji. Damina ta kama, daji ya rufe, kullum ana tare mota. Na same shi a zauren kawu na ce, "Kai dai Allah wadaran naka ya lalace! Muna mutuwa kana zanen rumbu. Ina alamar lafiya?"

"Ba ni zana ƙarya."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? In an wuce lafiya ba lafiya ba ce?"

"Lahiyar hantsi ba ta azahar ba ce. In na zana abin da ya ce tahi, mutum ya tahi anka ɗauke shi, hannun wa za a tambaya gobe ƙiyama? Naka? Kai ko da'ira ba ka iya ba."

Jira ya ishe mu, mutane na ta tambaya, sai Nura ya sa abin da ya samu: koren maki irin wanda malamin makaranta ke yi wa amsa daidai. Wallahi ya taimaka, ba zan ɓoye ba. Amma Lawali ya yi fushi da mu duka. Ko sallama ka yi masa sai ya sa hannu a aljihu.

Ana nan sai ga shi a tasha yana washe baki, riƙe da ganyen zogale guda biyu, ɗanye da busasshe.

"Na samu! Ganye za a sa. Direba na dannawa shi hito kore shar. In lokaci na tahiya shi riƙa yaushi. In labari ya tsuhwa shi bushe ƙamas. Wa za ya hau hanya bisa busasshen ganye?"

Muka ce kai, yau mahaukacin ya yi hankali. Nura ya ce zai yiwu, amma aiki ne, a ba shi lokaci. Lawali ya ce shi ma ba za a sa ba sai tsofaffi sun gani. Goggo Hure ta koma wurin 'yarta a Zurmi, don haka can zai bi ta. Na ce ya bari sai ina da lodi. Ya ce motata warin daddawa take yi. Ya shiga wata motar da rana tsaka. Makin nan na waya kore ne, tun na wanda ya wuce da safe. Ba su kai Zurmi ba.

Bayan an daɗe, wani bawan Allah da aka sako daga cikin fasinjojin ya zo gidan kawu. Shi ya gaya mana zazzaɓi ne ya tafi da Lawali a daji, kuma su suka yi masa sutura da abin da ya samu. Ya ce ko a can bai fasa hali ba. Wai mai tsaronsu na zaune da bindiga yana latsa waya, Lawali na kwance yana rawar ɗari, ya ɗago kai ya leƙa ya ce, "Kai, wa yaz zana maka wanga? Ba shi da tsoron Allah!"

Muna zaman makoki muka fashe da dariya, har da kawu. Ban san inda tawa dariyar ta ƙare ba, na dai ga rigata ta jiƙe.

Yanzu ganyen yana cikin wayar kowane direba a tasharmu. Yana aiki yadda ya ce, kuma abin da ke karya mini zuciya ke nan, don kusan kullum a bushe yake. Muna zaune da fasinja a inuwa, kowa na kallon waya, ana jiran wanda zai sayar da rai ya fara wucewa. Wani lokaci har la'asar ba wanda ya tayar da mota. Ban ga alamar ƙarshen wannan masifa ba, kuma na gaji da cewa na gani.

Allah ka jiƙan Lawali, ka yafe masa taurin kai, ka sanyaya ƙasar da yake kwance a ciki, wadda ko wurinta ba mu sani ba. Mu kuma ka nuna mana ranar da ganyensa zai wuni ɗanye. Amin.