Goɗiyar Ƙarshe ta Gidan Labbo

Kawuna Labbo na Burkusuma mutum ne mai taurin kan tsiya, Allah ya jiƙanshi. Ni Saude, ɗiyar ƙanwarshi, a hannunshi na tashi, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

Goɗiya tara ya gada wurin ubanshi Na'Allah, duk jini guda. 'Ya'yansu maza su ne dawakin sukuwar da anka sani har Isa. Ko Turawa in za su yi tserensu a Sakkwato, sai ka ga dillalai ƙofar gidanmu. Amma gidan yana da doka tun kakanni: namiji a sayar, mace ba ta fita, ba saye ba kyauta. Wai gudun yana ga uwa, in mace ta fita asirin gida ya fita.

Sodangi na Bafarawa, amininshi, ya taɓa zuwa takanas ya roƙe shi.

"Malam Labbo, ba ni duƙusa guda in riƙa maka. In ta haifi mace, taka ce. Kada ka tara su turke ɗaya."

"Ko baba ya taso daga kabari, ba ni ba ka," in ji kawu.

Kai, wannan magana har yau tana ci min rai!

Sai anka ja iyaka, makiyayarmu ta arewa ta faɗa ƙasar Faransa. Kawu ya ce shi bai ga layi bisa ƙasa ba, ya ci gaba da kai su kiwo can. Wata damina sojan Faransa sunka kora huɗu, ko igiya ba mu sake gani ba. Shekarar yunwa ta ci uku. Guda ta karye a fadama. Saura Kili, fara, tsohuwa, haƙora duk sun zube.

Daga nan kawu bai da wata magana sai ta mace. In Kili ta haifi mace, gida ya tashi. In ba haka ba, shi ke nan.

Ya ja ta a ƙasa har Isa wurin wani ingarma, bai hau ta ba ko taki ɗaya. Ta ɗauki ciki. Wata goma sha ɗaya yana jiƙa mata gero da kanwa, mu muna shan kunu tsararo. Matarshi Adda ta yi faɗa har ta gaji. Ni ma na tsani goɗiyar nan, wallahi, ba ni ɓoyewa.

Da hantsi ta haihu, ranar wata Laraba. Ta sha wuya ƙwarai, kowa ya san ba ta ƙara wani. Maƙwabta sunka cika gida. Ɗanmusa maƙeri ne ya duƙa ya ɗaga ƙafar jaririn, ya yi kabbara.

"Barka, Malam Labbo! Namiji ne! Dubi ƙafafu, wannan sai Sakkwato!"

Mata sunka ɗauki guɗa. Kawu ya amsa barkar kowa, ya ba kowa hannu. Da mutane sunka watse ya zauna gindin rumbu, ya kira ni.

"Saude, ɗebo min ruwa. Gobe za ni Bafarawa."

"Yin me, kawu?"

"In gaya ma Sodangi ya yi gaskiya. Ba ni son ya ji a kasuwa."