Kashi Uku da Suka Rage a Tabarma

Mun fito da asuba daga gida a Madani, saura kwana huɗu a kama azumi, ni da maƙwabcina, wani malamin makaranta da muke haya a gida ɗaya. Kowannenmu na riƙe da bokitin roba mai murfi da ƙullin gishiri. Nama ne ya fitar da mu. Wata biyu ke nan ban shiga gida da kilo guda cikakke ba. Abin da matata ke saya shi ne ɗan guntun da mahauta ke kira musa'id halla, wato mataimakin tukunya, wanda ke ba miya ƙamshi ya bar haƙora ba aiki. Ana cikin haka ne wan mahaifiyata, Kawu Abbakar, ya aiko daga ƙauyensu da ke gabashin kogi, kusa da Suki, cewa ranar Alhamis za a yi watandar shiga azumi, idan muna so mu zo a sa da mu.

Sai da rana ta ɗaga muka bar tasha, domin direban hafalarmu, wato motar hayar, ya kwana a layin gas. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na watan jiya, babu kuma wanda ya yi gardama. Hanyar Sinnar ta bi gefen magudanan ruwa, wasu da ruwa kaɗan, wasu ciyawa ta cinye su. Na lura da manyan motoci da ke wuce mu suna nufar arewa, cike da shanu ƙosassu, ƙahonninsu na leƙowa ta tsakanin ƙarafa. Na ƙirga tara kafin Sinnar. Wani dattijo da ke gefena ya bi su da kallo ya ce waɗannan sun fi mu sa'a, su suna da takardar fita waje. Aka yi dariya kaɗan.

A Sinnar muka karya da ful, wato dafaffen wake. Mai abincin ya ɗiga man riɗi kamar mai sa maganin ido. Daga nan muka shiga wata hafalar zuwa Mai Wurno, inda maƙwabcina ya dage sai ya ci agashe, tunda a ganinsa a tushen abu ake samun arha. Mun sami mai gashin a bakin kasuwa, da tsinke bai fi ashirin ba a jikin wuta. Maƙwabcina ya ɗaga guda ya ce yana hango hasumiyar masallaci ta cikinsa. Mai agashen bai ji haushi ba.

"Ya ustaz, ƙulin ka saya," in ji shi. "Naman kyauta ne."

Ya ce a da cinya biyu yake ƙararwa kafin isha'i, yanzu rabin ɗaya na kwana. 'Ya'yansa biyu sun bar sana'ar sun tafi haƙar zinare.

Muka haye kogi a kwalekwale. Ruwa ya ja baya sosai, sai da muka taka yashi mai zafi kafin mu kai gaɓa. Wata boksi, wato a-kori-kura, da ta ɗauko buhunan albasa ta rage mana hanya, muka isa ƙauyen bayan la'asar.

Kawu mahauci ne da ya gaji wuƙa daga kakanninsa da suka baro Sakkwato da niyyar Makka suka tsaya a nan. Ya kusa saba'in. Ƙafarsa ta hagu ta daina ba shi haɗin kai, don haka duk zirga-zirgarsa a kan karo yake yi, wato amalanken jaki, da shi kuma yake ɗebo ruwan gida, yake kai ciyawa da itace Suki ya samu na cefane. Shekara talatin da wani abu shi ke riƙe da watandar ƙauyen, kuma tasa ba irin tamu ta birni ba ce. Cikin Sha'aban yakan bi gida gida. Maigida ya fito, su gaisa, ya cusa hannu cikin aljihun taguwar Kawu ya zaro. Ko ya saka kuɗi da yawa, ko kaɗan, ko hannun banza ne ya shiga ya fito, su biyu kaɗai suka sani. Ranar yanka kuma kashi daidai yake da yawan gidaje, babu babba babu ƙarami. Gida talatin da uku ne. Da mu biyu, kashi talatin da biyar. Mu ma da muka miƙa namu, Kawu bai karɓa da hannu ba, aljihun ya buɗa mana.

Washegari muka bi shi kasuwar shanu ta Suki a kan karon. Shanu na nan da yawa, masu saye ne ba irinmu ba. Fataken Omdurman sun zo da motocinsu, ba sa taya guda ɗaya, garke suke nunawa da sanda. Duk bijimin da Kawu ya dafa, dillali ya faɗi kuɗin, sai Kawu ya janye hannu a hankali kamar ya taɓa murhu. Wajen azahar ya bayyana cewa abin da ke aljihunsa maraƙi kawai zai saya. Ya ce mu jira shi a inuwa, ya ja jakinsa ya tafi. Bayan kamar awa guda ya dawo a ƙasa yana ɗingishi, ya biya kuɗin wani matsakaicin sa ja. Ya ce mana ya bar karon wurin maƙeri a gyara ƙafa.

Dillalin ne ya gaya mini gaskiya, lokacin da nake taya shi kwance igiya. Karon na wurin maƙeri, amma jakin an sayar. Bara akuyoyi biyu ne suka tafi ta wannan hanya, bara waccan tunkiya.

Muka koro san a ƙasa har gida, tafiyar da ta ci mana sauran yinin saboda ƙafar Kawu. Raina a ɓace yake, kuma ina ganin ina da hujja. Bayan magariba magidanta suka zauna a ƙofar masallaci ana tsara aikin gobe, wa zai kawo tabarmi, wa zai kawo gatari. Ni baƙo ne, ba a tambaye ni komai ba, amma na yi magana. Na ce a Madani idan za mu yi watanda rubutawa ake yi, a kawo sikeli, kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya bayar, ta haka babu wanda zai ɗauki nauyin wani. Ban ambaci jaki ba. Na ɗauka na yi magana da hikima.

Mutum biyu ko uku suka ce wannan gaskiya ne. Ɗaya daga cikinsu, mai kanti, ya ƙara da cewa shi dama ya daɗe yana mamakin yadda kashi ke ƙanƙancewa alhali shi kullum ƙari yake yi. Sauran suka sunkuyar da kai. Wani manomi dogo, sa'an Kawu, da aka ce mini tare suka yi karatun allo, ya ɗauki takalmansa ya tafi ba sallama.

Kawu bai ɗaga murya ba.

"Ɗan ƙanwata," ya ce, "kai ɗan boko ne, ka iya lissafi. To in munka rubuta, wanda sunansa bai fito ba, da wane ido za shi shigo masallacin ga gobe?"

Aka kira isha'i.

An yanka san da hantsi a ƙarƙashin wata bishiya a bayan gari. Na ga aikin da ban taɓa gani ba. Kawu na zaune a ƙasa, ƙafar mai ciwo a miƙe, yana kasa nama a kan tabarmi da hannu kawai. Kowane kashi ya sami tsoka, da ƙashi, da ɗan hanta, da tumbi, da kitse kamar girman babban yatsa. Yakan ɗauke yanka guda daga nan ya mayar can, ya ja baya ya duba. Da ya gama, aka kawo tsohon ladanin garin, wanda idanunsa suka mutu shekaru da suka wuce. Kawu ya nuna kashi da wuƙa ya ce, "Wanga fa?" Ladan ya kira sunan gida. Haka har talatin da biyar. Mai kanti ya ɗauki nasa ya jinjina shi a hannu. Nawa bai rufe gindin bokiti ba.

Mutane suka watse, kashi uku suka rage a tabarma. An kira sunayen gidajen, babu wanda ya zo. Maganata ta jiya ta zaga gari kafin a kwanta, kuma duk wanda ya tsaya a wurin yanzu ya san abin da aka shekara talatin ana rufewa, wato gidajen da ba su saka komai ba. Muka zauna muna korar ƙudaje har inuwa ta janye. Na ce bari in kai musu. Kawu ya ce a'a, hannuna ba zai karɓu ba. Ya zuba kashi ukun a faranti, ya rufe da ganye, ya ɗora a ka, ya shiga gari da sandarsa.

Ya daɗe. Ya dawo da kashi ɗaya. Gidaje biyu matan ne suka karɓa ta bayan zana. Na ukun gidan dogon manomin ne, wanda dawarsa ta ƙone a damina saboda ruwan magudana bai kai gonarsa ba. Shi da kansa ya fito ya ce ya gode, amma iyalinsa ba sa cin naman sa bana, yana tayar musu da ciwo.

Kawu ya zauna ya yanyanka kashin sirara-sirara, ya shafa gishiri daga ƙullina, ya shanya a igiyar tsakar gida domin ya zama sharmut, busasshen naman da ake dakawa a miya. Na ba shi haƙuri. Na ce zan nemi kuɗin jaki in aiko.

"Aiko in ka samu," ya ce. "Wanga kuma na aje mishi. Azumi na da tsawo."

Mun kamo hanya bayan azahar don kada naman ya lalace, ta Suki muka biyo, muka haye gadar madatsar Sinnar. Maƙwabcina ya lissafa a hanya cewa idan aka haɗa da kuɗin mota, abin da muka rage a kan farashin Madani bai taka kara ya karya ba. Muka shiga gida bayan isha'i. Matata ta buɗe bokiti ta leƙa, ta dube ni. Ta ware ƙashi da kayan ciki na kwana biyun farko, sauran ta shanya. Da cokali guda na garin sharmut a miyar kuɓewa, ta ce zai kai mu tsakiyar wata.

Na fita neman hanyar cin nama da arha, kuma hanyoyin da na gani duk sanannu ne: a haɗa kuɗi a sayi dabba, a busar, a daka, a ja shi da kuɓewa. Abin da ban sani ba shi ne arhar da ƙauyen nan ke ci wani ne ke biyanta da dabbobin gidansa, kuma shirun mutane ne ke riƙe da ita. Dabbobin sun ƙare bana. Shirun kuma ni na fasa shi, da magana da har yanzu ban ga kuskure a lissafinta ba.

Ranar goma ga azumi na kira Kawu. Ya ce karon na wurin maƙeri, ruwa kuma maƙwabta na taimaka musu da shi. Na tambayi naman. Ya ce ya bushe, ya sa a buhu ya rataye a ɗaki. Mai shi, dogon manomin, bai aiko ba tukuna, kuma ya koma yin salla a gida.